Sallama a garin da babu hoto

Ɗana, saƙonka ya iso, mutanen gida duk lafiya lau. Ka ce ƴan fadarku sun nuna maka wani shafi da ake buɗewa a burauza, a shiga duniyar da babu hoto babu murya sai rubutu zalla, mutum ya ɗauki wani suna ya riƙa bin ɗakuna yana hira da waɗanda bai sani ba. Kana tambaya ko irin wannan wuri yana da ladabin shiga, da kuma ko amsa sunan da ba na yanka ba ƙarya ce.

Ka fara sanin cewa abin ya girme ka nesa ba kusa ba. MUD ake ce masa. Roy Trubshaw ne ya fara na farko a 1978 a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ɗora. A 1989 James Aspnes ya fito da TinyMUD, inda hira da gina ɗakuna suka fi yaƙi da dodanni daraja, sai Pavel Curtis ya kafa LambdaMOO a 1990. Akwai mutanen da suka tsufa a waɗannan wurare, sun san juna, suna da tsofaffin rigingimu da tsofaffin barkwanci. Kai baƙo ne, baƙo kuwa ko da ido makaho ne.

Shafin da ka buɗe ba shi ne duniyar ba, hanyar shiga ce kawai. A da sai ta telnet, wato tsohuwar hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa da rubutu zalla, ko ka sa manhaja irin TinyFugue, MUSHclient ko Mudlet a kwamfutarka. Burauza ba ta iya magana da telnet kai tsaye, shi ya sa shafin yake bi ta WebSocket, wata hanyar sadarwa da burauza ke ganewa, wadda aka daidaita ƙa'idarta a 2011, ya miƙa rubutunka ga wata kwamfuta a tsakiya, ita kuma ta isar. In ba masu duniyar ne suka kafa shafin da kansu ba, to kalmar sirrinka ta hannun wani na uku take bi, ga shi telnet na asali ba ya ɓoye komai. Kada ka kuskura ka sa kalmar da kake buɗe Facebook ko imel da ita. Amma na yaba da abin ta wani gefe: rubutu ba ya cin data sosai, ko cikin lungunan Birni inda rezo ke wasan ɓuya ƙaramar waya za ta ɗauka.

To, ladabi. Ka karanta dokokin gidan kafin ka ce uffan, kusan kowace duniya tana da su, kuma masu kula da ita suna korar mai taurin kai. Rubuta look ka ga inda kake, who ka ga su wa ke nan. Sannan ka yi sallama, ka rubuta say kafin maganarka. Sai dai gaisuwarmu ta Damagaram, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina zafi, ka dunƙule ta layi guda, domin duk abin da ka rubuta yana faɗowa a gaban kowa da ke ɗakin, yana ture hirarsu sama. In an amsa, madalla. In an yi shiru kada ka ji haushi, wataƙila mutumin ya bar sunansa a ɗaki ya tafi kasuwa. Manyan baƙaƙe tsawa ce a wurinsu. Kada ka bi wanda bai san ka ba da saƙon sirri, balle mace. Abin da suka fi ƙi, a wuraren da ake wasan labari, shi ne ka rubuta wa wani abin da ya yi, ka ce ka mare shi ya faɗi. Naka ka kai hannu, faɗuwa ko kaucewa shi zai rubuta. Suna kuma raba maganar cikin wasa da ta waje, ta wajen su sa mata alamar OOC, ka kiyaye wannan.

Batun suna bai dame ni ba kamar yadda ya dame ka. Yaron da ya sa gemun auduga a tashe cikin azumi bai yi wa kowa ƙarya ba, don duk unguwa an san wasa ne. Haka nan ma kowa ya san sunan aro ne, har ma ya fi maka ka ɓoye sunanka na gaskiya da unguwarku. Inda ƙarya take shiga shi ne a fita daga wasa, mutum ya tambaye ka tsakani da Allah, ka ƙaga masa shekaru ko wata larura don ka ci amanarsa ko kuɗinsa. Kana da damar cewa ba za ka faɗa ba. Kuma ka ɗauki sunan da ba za ka ji kunya ba in mahaifiyarka ta leƙo wayar, kada ka ari sarautar da ba a naɗa ka ba.

In an kira salla ko za ka tashi, ka yi bankwana ka rubuta quit. Rufe shafi haka kawai, a wasu wuraren, yakan bar sunanka tsaye kamar gunki ana yi masa magana. In wuta ce ta ɗauke ko rezo ya yanke, da ka dawo ka ba da haƙuri a taƙaice, sun saba da haka.

Ka gaida mahaifiyarka. Ranar Juma'a bayan masallaci ka biyo da wayar, in ga wace duniya ce abokan naka suka kai ka, da kuma wa ke riƙe da shafin.