Ku Tambayi Anti: Laburaren makarantar yarona a Hawai, karatu ne ko wasa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni dai maigidana ne ya samu karatu a Jami'ar Hawai da ke Amurka muka biyo shi da yara, toh babban yarona yana aji huɗu a firamaren gwamnati a nan Honolulu kuma wallahi kusan duk sati sai ya shigo min da takarda daga laburaren makaranta, yau a ce zaɓen littafi, gobe kasuwar littattafai, jibi a ce iyaye su zo da yamma a yi karatu tare. Babansu ya ce duk wasa ne in sa shi ya riƙe lissafinsa kawai. Dan Allah karatu ne wannan ko ɓata lokaci, kuma dole ne sai na je? Daga Maman yara, Honolulu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba maigida sa'ar abin da ya je nema. Ki ba shi haƙuri amma a nan kam ban goyi bayansa ba. Lissafin ma ai a rubuce tambayoyin suke zuwa, yaron da karatu bai zauna masa ba ko ya iya tarawa da ɗebewa sai ki ga ya faɗi don bai gane me ake tambayarsa ba.

Kafin komai ki gode Allah makarantarku na da mai kula da laburare, don ba kowace firamare a Hawai ke da shi ba yanzu, shugaban makaranta ne ke duba kasafinsa ya ga ko zai ɗauka, wasu sun bar kujerar ba kowa. Inda akwai, ana kai aji guda laburaren a jadawali kamar kowane darasi, a karanta musu labari, a koya musu nemo littafi a kanta da lambarsa, da yadda ake bincike a kwamfuta ba tare da kwafe aikin wani ba, sannan kowa ya ari wanda ransa ke so ya tafi da shi gida.

Zaɓen nan da kika ce, shi ne ya fi burge ni a duka. Sunansa kyautar Nene, sunan wata dinya ce da ita ce tsuntsuwar jihar. Tun 1964 ake bayarwa, kuma 'yan aji huɗu zuwa shida ne ke kaɗa ƙuri'a, ba malamai ba ba iyaye ba. A fitar da jerin littattafan labari na shekarar, yara su yi ta karantawa suna musu a tsakaninsu wanne ya fi, daga baya su zaɓa, a haɗa ƙuri'un duk tsibiran a faɗi wanda ya ci. Har gasar zane da ta rubutu ake yi a kan littattafan. Kin ga yaron da ke son nasa ya ci ai sai ya karanta na abokinsa ma don ya samu abin kushewa, ba wanda ya ɗaga masa bulala. Ki tambaye shi wanne zai zaɓa kuma me ya sa, in ya fara zuba sai kin ce ya isa haka.

Kasuwar littattafai kuwa kasuwa ce dai, galibi kamfanin Scholastic ke kawo kaya makaranta ta samu wani kaso. Ba dole ba ne. In za ki ba shi kuɗi ki ce littafi za a sayo, don teburin cike yake da biro mai walƙiya da fosta da tarkace. In babu kuma kar ki sa wa ranki damuwa, ki je laburaren gwamnati mafi kusa ki yi muku kati, kyauta ne ga mazauna jihar, rassa 51 ne kuma katin ɗaya na aiki a dukkansu, suna ma da shirin karatu na dogon hutu.

Zaman yamma na iyaye shi ne zan ce ki daure ki je, ki ja Babansu ma. Ana karanta labari da ƙarfi, a raba yara rukuni-rukuni, wani lokacin a ba da littafi kyauta. Abu ɗaya, in an kawo abinci ki tambaya kafin yara su kai hannu, mutanen can akwai son naman alade, musamman shinkafar nan da ake ɗora wa yankan naman gwangwani na Spam a naɗe. Sannan wajen 2 ga Maris akwai ranar karatu ta duk Amurka da aka fara a 1998, makarantu na neman iyaye su zo su karanta wa aji, ki sa sunanki. Yaran da suka saba jin yadda Mawi, gwarzon tatsuniyar Hawai, ya ɗaure rana da igiya a kan dutsen Haleakala ba za su ƙi jin Gizo da Ƙoƙi ba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, ni malamin firamare ne. Na ji wai mutanen Hawai harshensu ya kusa mutuwa suka farfaɗo da shi ta makaranta, shin a laburaren yara akwai littattafai da harshen ko duk Turanci ne? Daga wani malami, Maraɗi.

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, gaskiya ka ji. Abin mamakin ma mutane ne da suka rungumi karatu da wuri, jaridarsu ta farko da harshensu ta fito a 1834 a makarantar Lahainaluna, aka yi ta buga jaridu sama da shekara ɗari. Sai dokar 1896 ta mai da Turanci harshen koyarwa, yara suka riƙa shan duka in sun yi yarensu a makaranta, a hankali ya koma bakin tsofaffi kawai da mutanen tsibirin Niihau. A 1978 aka sa shi cikin tsarin mulkin jiha a matsayin harshen hukuma tare da Turanci, 1984 iyaye suka buɗe makarantar rainon yara da harshen, wato Punana Leo, ta farko a tsibirin Kauai, 1987 kuma makarantun gwamnati suka fara ajujuwan da komai da harshen ake koyarwa.

Littattafai ne suka ba su wuya a farko, don babu. Iyaye da malamai su zauna su fassara littafin yara na Turanci, su buga a takarda su yanka su manna a kan rubutun asali shafi bayan shafi, da haka aka fara cika kantoci. Yanzu ana wallafa nasu na kansu. A sauran firamare da Turanci ake koyarwa, yawancin littattafan Turanci ne amma za ka samu sashe na musamman na tarihi da labaran Hawai, watan Fabrairu kuma watan harshen ne, ana yin karatu da waƙe da shi. Akwai ma tsarin kawo dattawa, su suna ce musu kupuna, su shiga aji su koyar da labaran gargajiya da sunayen tsirrai da taurari da yadda kakanninsu ke tuƙa kwalekwale a teku ba na'ura, kuma ma'aikatar ilimi ce ke ɗaukarsu ta biya su.