Tambaya da Amsa: Idan Aji Ya Gagari Bulala

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da aji huɗu a firamaren gwamnati, yara 92 ne a rajistata. Na yi bulala, na sa tsallen kwaɗo, monita yana rubuta sunayen masu surutu, amma da na juya ga allo sai ajin ya koma kasuwa. Yaya zan yi? — Wata malama daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ke kuwa kina riƙe da fiye da ninki biyu da rabi, don haka muryarki kaɗai ba za ta iya ba. Tsari ne zai riƙe miki ajin.

Bulala ta daina ci ne saboda jiki ya saba, kuma lokacin da kike dukan mutum biyar, sauran 87 suna zaune ba aikin yi. Takardar monita ma ki soke ta. Abokan gabarsa yake rubutawa, mai ƙuli-ƙuli kuma ya sayi sunansa, yara duk sun san haka.

Ki fara da alamar shiru guda ɗaya. Misali ki tafa sau biyu, su amsa da tafi uku, su ɗora hannu a kan benci. Ki ware minti biyar kullum, kwana uku a jere, kuna gwada wannan kawai. Kada ki fara magana sai an yi tsit, ko da za ki tsaya minti guda kina kallonsu. Idan kika ɗaga murya a kan surutu, kin koya musu cewa ana iya yin biyun tare.

Tunda juyawa ga allo ne matsalar, ki rage ta. Ki rubuta aikin farko, tambaya uku masu sauƙi, kafin su shigo daga taron safe ko daga tara. Sauran rubutun ki yi shi layi biyu-biyu, kina tsaye a karkace, kina waiwaye.

Sai zama. Ki buɗe hanya a tsakiyar aji yadda za ki kai bangon baya ba tare da tsallake kowa ba. Ki raba su rukuni tara, kusan goma-goma, kowane rukuni da suna da shugaban da ake canzawa duk mako. A gefen allo ki riƙa ba da maki ga rukunin da ya fara natsuwa, ranar Juma'a wanda ya ci ya fara fita tara. Jagororin surutu ba sa wuce biyar ko shida. Kada ki tara su a bencin gaba, ki warwatsa su a bakin hanyar da kike bi.

Horo kuma ya zama hawa-hawa: kallo, sai tsayawa kusa da yaro kina ci gaba da darasi, sai kiran sunansa a hankali, sai canza masa wuri, sai riƙe shi minti biyar lokacin tara. Kada ki hori aji duka kan laifin mutum uku, masu natsuwa za su ga natsuwar ba ta da riba. Kuma ki sa ran makon farko abin zai ƙara lalacewa, suna gwada ki ne. A nan yawancin malamai ke karaya su koma ga dorina.

Abu ɗaya da ake mantawa: ki kira jagororin nan ɗaya-ɗaya, kowa ya karanta miki layi biyu na Hausa. Sau da yawa za ki tarar ba su iya ba. Yaron da allo bai ce masa komai, dole ya nemi abin yi.

Tambaya: Wani ɗan SS 2 yana mayar mini da magana a gaban aji, 'yan'uwansa na dariya. Ya fi ni tsawo. In kore shi? — Wani malami daga Zariya

Amsa: Malam, 'yan kallo yake yi wa, don haka ka hana shi su. Ka ce, "Ka same ni bayan darasi," ka ci gaba da aikinka, ko ya yi gunaguni kada ka tanka. A ofishin malamai, ba a keɓe ba, ka faɗa masa ainihin abin da ya yi da abin da kake so gobe, sannan ka bar shi ya yi magana. Ka rubuta rana da kalmomin da ya furta. Karo na uku ka kai rubutun ga malamin ladabtarwa, a kira mahaifi. Ka fara wa uban da wani abin kirki na yaron, in ba haka ba ko ya kare ɗansa, ko ya je gida ya jibge shi, yaron ya dawo maka da gaba.

Idan rashin kunyar ta zo farat ɗaya tare da jan ido, nauyin harshe da barci, ka yi tunanin ƙwaya. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma taramol da sholisho suna nan. Kada ka tuhume shi a aji, ka sanar da shugaban makaranta. In ya ɗaga maka hannu, ka ja baya ka aika a kira wani malami.

Tambaya: Wata yarinya a ajina ba ta kwafar rubutu, barci kawai. — Wata malama daga Azare

Amsa: Ki dawo da ita bencin gaba mako guda. In ta fara rubutu, ido ne ko kunne, a kai ta asibiti. In ba ta canza ba, ki tambaye ta a asirce ko ta karya, da ƙarfe nawa take dawowa daga talla, sannan ki nemi mahaifiyarta.