Me ya sa shirin kimiyya na rediyo ke riƙe ni, alhali a aji gyangyaɗi nake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina kuma taya aiki a wani ƙaramin gidan rediyon FM. Abokina ya turo min wani shirin Amurka mai suna Radiolab, na zauna awa guda ina sauraron bayani a kan launi ban ko motsa ba, ni da darasin kimiyya ke sa wa barci tun a sakandare. Mene ne sirrinsu? Kuma za a iya irinsa da Hausa, ko sai mai kayan aiki na miliyoyi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya same ka mai sauƙin bayani ne: a aji an ba ka amsar tambayar da ba ka yi ba, su kuwa sai da suka sa maka ƙishirwa kafin su miƙo ruwa. Wani masani a jami'ar Carnegie Mellon, George Loewenstein, ya yi rubutu a kan wannan a 1994. A ganinsa son sani yana tashi ne idan mutum ya hango giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da ya rage masa. Wanda bai san komai a kan abu ba, ba ruwansa da shi, haka ma wanda yake ganin ya gama sani. Na tsakiyar ne ke kasa zaune ya kasa tsaye. Kakanninmu ba su karanta shi ba, amma duk wanda aka taɓa ce wa "ƙulin-ƙulifita" da dare ya san yadda ake hana yaro barci da tambaya ɗaya.

Shirin da ka ji ya samo asali ne a gidan rediyon WNYC da ke birnin New York a 2002. Jad Abumrad, wanda iyayensa 'yan asalin Lebanon ne, shi ya fara shi, kuma abin lura, kiɗa ya karanta a jami'a. Daga baya tsohon ɗan jarida Robert Krulwich ya zo suka haɗu. Su biyun sun bar shirin, Krulwich a 2020, Abumrad a 2022, yanzu Lulu Miller da Latif Nasser ke riƙe da shi. Salonsu shi ne mutum biyu suna hira, ɗaya ya zo da labari, ɗayan yana gardama: "Tsaya, ban gane ba." Wannan mai gardamar kai ne, mai sauraro, aka zaunar a cikin situdiyo. Duk inda hankalinka zai fara guduwa, shi zai riga ka tambaya.

Tunda na launi ka ji, mu tsaya a kansa, don akwai darasi biyu a ciki. Matsalarsu ita ce yadda za a nuna wa kunne abin da ido ne kaɗai ya san shi. A 2012 sai suka tara ayarin mawaƙa, aka raba musu launukan bakan gizo, kowane sashe da nasa sautin. Kare yana da nau'i biyu na ƙwayoyin gane launi a ido, don haka da aka ce ga bakan gizon kare, muryoyi kaɗan suka tashi, waƙar ta fito a rame. Mutum yana da uku, sai aka ƙara muryoyi. Aka hau zuwa malam-buɗe-littafi, daga nan aka kai ga wani jatan lande na teku da ke da nau'i 12 ko fiye, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka kamar zai tsage. Ba a ce maka ka haddace komai ba, amma ina da yaƙinin har yau kana tuna wanda ya fi wani.

Darasi na biyu ɗaci gare shi. A 2014 masu bincike a jami'ar Queensland ta Ostareliya suka gwada jatan landen nan, suka ga ashe wajen bambance launuka masu kama da juna mutum ya fi shi nesa ba kusa ba. Yawan ƙwayoyin bai ba shi irin ganin da waƙar ta sa aka zata ba. Masu shirin sun dawo kan batun daga baya, kuma na yaba musu, sai dai mutum nawa ne cikin waɗanda waƙar ta ratsa suka ji gyaran? Sauti mai daɗi yana shigar da kuskure da ƙarfin da yake shigar da gaskiya. Ni kaina na taɓa yanke "mai yiwuwa" daga bakin wani likita don jimlar ta fi tafiya da kiɗan da na sa. Kwana biyu ya kira ni, kuma abin da ya faɗa min na cancance shi.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi, shi ma a 2012. Sun yi shiri a kan "ruwan ɗorawa", wani abu rawaya da 'yan ƙabilar Hmong na ƙasar Laos suka ce an yi ta zubo musu daga sama bayan yaƙin Vietnam, wanda a 1981 gwamnatin Amurka ta ce makami ne mai guba, ta kuma zargi Tarayyar Sobiyet da samar da shi. Matthew Meselson na jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun nuna cewa samfurin da aka bincika kashin ƙudan zuma ne. Aka gayyato wani dattijo da ya ga mutanensa suna mutuwa, Krulwich ya dinga matsa masa da tambayar ko da idonsa ya ga jirgi ya zubo abin, har 'yar gidansu da ke masa tafinta ta fashe da kuka. Daga baya Krulwich ya fito ya ba da haƙuri. Tambayar tana kan hanya ta fuskar bincike, amma wanda aka yi wa ita ya zo ne ya ba da labarin gawawwakin danginsa. Idan za ka haɗa kimiyya da rayuwar mutane, ka san cewa makirfo a hannunka yake, almakashin ma haka, baƙonka ba shi da ko ɗaya.

Batun Hausa kuwa, kunnen ya daɗe a shirye. Tun 1957 Sashen Hausa na BBC ke magana, kuma shirin Amsoshin Takardunku ya isa shaida cewa mutanenmu ba su gajiya da tambaya. Abin da muka saba dai shi ne a karanta tambaya, a kira farfesa, ya yi minti biyar yana zuba, a yi masa godiya. Ba a fita da mai sauraro ko nan da ƙofar gida.

Gwada wannan. Me ya sa ruwan randa ke sanyi a tsakiyar bazara, na jarka kuwa kamar an dafa? Kada ka fara da farfesa. Je gidan mai ginin tukwane, ka ɗauki ƙarar hannunta a kan yumɓu, ka tambaye ta me ya sa sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyi. Bar ta ta faɗi nata. Ɗauki ƙarar moɗa tana nutsewa, da ajiyar zuciyar wanda ya sha. Sai abokin gabatarwarka ya yi gardama: to ai randar a cikin zafin take, sanyin daga ina? A nan ne malamin kimiyya zai shigo, minti ɗaya ya ishe shi: ruwa na tsattsafowa ta ƙananan kafofin yumɓu, iska ta busar da shi, yana tafiya yana ɗauke zafin da ke ciki, kamar dai gumi a jikin mutum. Kana gama wannan sai ka juya labarin zuwa Jigawa, inda malamin makaranta Mohammed Bah Abba ya sa tukunya a cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma, kayan miya suka daina lalacewa a kwana biyu ko uku. Wannan ya kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Sannan ka bar mai sauraro da wata sabuwar: me ya sa dabarar ke aiki sosai a Dutse amma ta yi rauni a Legas? Amsar tana cikin laimar iska, ka ajiye ta sai mako mai zuwa.

Kayan aiki ba su ne matsala ba. Wayarka ta isa, manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ake sauke ta a kwamfuta, ɗaki mai labule da katifa ya fi falo mai tayil kashe amsa-kuwwa. Abin da zai ci ka lokaci ne: hirar awa biyu kan koma minti shida, kuma kafin ka saki shirin sai ka sake kiran malamin ka kunna masa abin da ka bari na maganarsa. Kiɗa kuwa ka rage hannu. Idan mai tukwanen ta yi shiru tana tunanin amsa, kada ka yanke shirun, ka bar kukan kajin gidanta ya cika wurin.