Gawon Tsakiyar Gona

Jikana, tambayarka ta ba ni dariya, daga baya kuma ta tsaya mini a rai. Wai me ya sa ake hana sare gawon gona alhali an koya maka inuwa na kashe gero, ko tsoron iskoki ne? Allah ya sa dai ba gatari ka riga ka wasa ba.

Malaminka bai yi ƙarya ba. Koren ganye da hasken rana yake haɗa abinci, daga ruwan da saiwa ta jawo da iskar da yake shaƙa ta ƙananan ƙofofin jikinsa. Gero kuwa ba ya son rabin rana. Je ka dubi wanda ya fito gindin mangwaro ko ɗorawa: siriri, ganye fari-fari, zangarniya 'yar mitsitsiya, iska kaɗan ta kwantar da shi. Shi ya sa iyayenmu kan rage gero bayan mako 2 zuwa 3 da tsirowa, su bar ƙwarara 3 a rami. Sukan ce kara da yawa ba shi ne dame ba.

Amma gawo dabam ne. Kakanninmu kan ce shi ne ya ƙi ruwan Allah. Da damina ta kama sai ya kakkaɓe ganyensa, rana ta sauka kan shuka, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da kaka sai ya sake toho, don saiwarsa ta nitse ta kai ruwan ƙasa. A da, cikin zafin bazara, garke guda na shanun Fulani ke kwantawa ƙarƙashinsa, suna tsintar 'ya'yan da suka zubo, suna barin kashi. Ruwa na sauka, geron wannan wuri ya fi na ko'ina duhun ganye. Sarakunan Damagaram har hukunci mai tsanani suka sa wa mai sare shi.

Yanzu kuwa yara ke hawa da rani su datse rassan kakaf saboda awaki. Gawon da aka yi wa haka ba ya 'ya'yan kirki, kuma yakan rikice ya yi toho da damina, ya kawo inuwar da kake tsoro. In kututture ya tofo, zaɓi reshe 1 ko 2 mafi miƙewa, ka cire saura, ka share ƙananan rassa zuwa rabin tsayinsa.

Zancen iskoki kuwa, tambayi kakarka in ka zo sallah.