Na zauna da su biyun a gareji ɗaya, ba abu ɗaya ba ne

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wai 'yan libatariyan, wato masu cewa gwamnati ta cire hannu daga dukiyar mutum da rayuwarsa, da 'yan mazan jiya na Amurka, masu ra'ayin riƙau ɗin nan, ba duk jirgi ɗaya ya kwaso su ba tunda kullum kana jinsu suna cewa gwamnati ta yi ƙiba kuma yawancinsu jam'iyyar Republican suke zaɓa. Nima haka na ɗauka da na zo ƙasar nan a 2004. Sai da na daɗe ina jan tirela daga Houston sannan na gane zaman doya da manja suke, tsoron kwaminisanci ne ya haɗa su tun zamanin yaƙin cacar baka, shi ya sa da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 auren ya fara tangal-tangal.

Ni ba a littafi na koya ba, a garejin da nake kai mota na koya. Akwai wani dattijo bature tsohon soja da ya yi yaƙin Biyetnam, ba ya fashin coci, shi ne ɗan mazan jiyan. Sai wani makanike saurayi da ya manna hoton Ron Paul a bayan motarsa. Ron Paul ɗin likitan haihuwa ne daga nan kusa da mu, ya daɗe a majalisar wakilai har suka sa masa laƙabin likita a'a, don kusan duk dokar da za ta ƙara wa gwamnati kuɗi ko ƙarfi sai ya ce bai yarda ba. Mutanen nan biyu in dai maganar haraji ce ko bindiga to bakinsu ɗaya, kamar tare aka raine su. Duk su biyun sun haddace maganar da shugaba Reagan ya yi ranar rantsar da shi a 1981 cewa gwamnati ba ita ce maganin matsalar ba, ita ce ma matsalar. Ran da na ba su labarin dokar filaye ta 1978 a Najeriya, cewa ƙasar jiha duk a hannun gwamna take kai dai takardar shekara 99 za a ba ka, tare suka riƙe baki, suka kawo min shari'ar Kelo ta 2005 inda kotun ƙoli da rinjayen 5 da 4 ta yarda wani gari ya karɓe gidajen mutane ya miƙa wa masu gini, har yau abin na ci musu rai.

A nan dole in yaba wa 'yan libatariyan don abin ya shafi gidana. Uwargida kitso take yi, tun tana yarinya ta iya, amma da a Texas sai kin yi kwas na awa 35 kin karɓi lasisi kafin ki taɓa kan mutum don kuɗi, sai a 2015 aka soke. A jihar Utah ma abin ya fi muni, awa 2,000 na makarantar gyaran gashi ake nema, makarantar da ba a ma koyar da kitso a cikinta, har wata 'yar Saliyo ta kai ƙara ta yi nasara a 2012. Lauyoyin da suka tsaya mata 'yan libatariyan ne. Su a wajensu irin wannan lasisin ba don kare kowa aka yi shi ba, masu manyan shaguna ne suke rufe ƙofa kada talaka ya shigo, kuma wallahi na ga gaskiyar hakan da idona.

To ina suka rabu? A tarihi suka fara rabuwa. Dattijon nan shi tarihi gado ne a wajensa, iyali da coci da soja da tsarin mulkin 1787, abin da kakanni suka gina ba a rushe shi don wani yaro ya karanta littafi jiya. Shi kuwa makanike tarihi a wajensa lissafi ne na yadda gwamnati ke fakewa da tashin hankali ta ƙara faɗi kuma ba ta taɓa komawa yadda take. Zai ƙirga maka da yatsa, 1913 aka kawo harajin albashi da babban bankin ƙasa, 1933 shugaba Roosevelt ya ce kowa ya miƙo zinariyarsa aka biya su dala 20 da 'yan kai duk oza, shekara na zagayowa aka mai da farashin dala 35, 1942 aka kwashe kusan mutum 120,000 'yan asalin Japan aka tsare a sansanoni alhali yawancinsu 'yan ƙasa ne. Wata rana ya ce wa dattijon ɗaukar soja dole da aka yi musu bauta ce, kuma masanin tattalin arziki Milton Friedman na cikin waɗanda suka sa aka daina a 1973. Dattijo ya ajiye kofinsa ya ce shi bai ɗauki kansa bawa ba, ƙasa ce ta kira ya amsa. Sati biyu ba sa gaisawa.

Amma inda ni Musulmi na gane bambancin sosai shi ne maganar tsaro. Bayan harin 11 ga Satumba aka yi dokar Patriot a Oktoban 2001 wadda ta ba jami'an tsaro damar bin diddigin mutane cikin sauƙi, 'yan Republican uku kacal suka ƙi ta a majalisar wakilai kuma Ron Paul na ciki, haka ma ya ƙi yaƙin Iraki a 2002. A muhawarar masu neman takarar shugaban ƙasa na Republican a 2007 ya ce katsalandan ɗin Amurka a Gabas ta Tsakiya na cikin abin da ke jawo mata hari, Giuliani tsohon magajin garin New York ya taso masa, zauren ya ɗauki tafi wa Giuliani. A 2010 da aka yi ta rigima kan cibiyar Musulunci da za a gina kusa da inda tagwayen benayen New York suka faɗi, dattijona cewa ya yi rashin kunya ce a hana su, shi kuwa makanike ya ce filinsu ne da kuɗinsu suka saya ina ruwan gwamnati, kuma abin da Ron Paul ya fito ya faɗa kenan. A shekarar ne kusan kashi 70 na masu zaɓe a Oklahoma suka amince a hana kotuna duba shari'ar Musulunci, sai kotu ce ta dakatar. Da Snowden, wani da ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka aiki, ya fallasa a 2013 cewa ana tattara bayanan kiran wayar jama'a, ɗaya ya ce maci amana ne ɗaya ya ce gwarzo ne. Kaga mutumin da ke cewa gwamnati ba za ta iya raba wasiƙa daidai ba shi ne kuma ya yarda ta saurari wayar kowa, wannan ne makanike ke yi masa dariya a kai kullum.

Kada kuma ka ɗauka na zama ɗan libatariyan fa. In aka zo maganar tarbiyya ni da dattijo muke sahu ɗaya. Makanike cewa yake a halatta wiwi da sauran ƙwayoyi da caca har da karuwanci, wai jikinka naka ne, hujjarsa hana giya da aka yi daga 1920 zuwa 1933 ba abin da ya haifar sai 'yan daba masu kuɗi. Hujjar na da ƙarfi ban musa ba, amma ni ina da 'ya'ya huɗu a makarantar gwamnati, kuma na ga direbobi abokan aikina da ƙwaya ta cinye, mutumin da jaraba ta kama ban san wane 'yanci ya rage masa ba.

Babban faɗan da muka yi da makanike kuwa a kan dokar 'yancin baƙaƙe ta 1964 ne. Ya ce shi ya yarda a soke dokokin wariya na jihohin kudu tunda gwamnati ce ta yi su, amma mai otal ko mai gidan abinci dukiyarsa ce, bai kamata a tilasta masa wanda zai sayar wa ba, kasuwa da kanta za ta hukunta mai wariya. Irin dalilin da sanata Goldwater ya bayar kenan da ya ƙi dokar, Rand Paul ɗan Ron Paul ma ya sha suka a 2010 da ya taɓo maganar. Na ce masa kai baka taɓa tuƙa mota awa goma da baƙar fata a jikinka ba. Kafin dokar nan har littafi ake bugawa na inda baƙi matafiyi zai iya kwana ko ya sha mai ba a kore shi ba, kusan shekara ɗari bayan an 'yanta bayi kasuwar bata hukunta kowa ba, sai da gwamnatin tarayyar da kake zagi ta sa ƙarfi. Kuma ba don dokar shige da fice ta 1965 ba da wuya irina ya samu shigowa. Ya yi shiru sannan ya ce duk da haka ƙa'ida ƙa'ida ce. Yaron kirki ne, sau biyu yana fitowa cikin dare ya gyara min mota a hanya bai karɓi ko sisi ba, amma a nan kam na ga ƙa'idar ta rufe masa ido.

Game da zaɓe da ka haɗa a tambayar, 'yan libatariyan suna da jam'iyyarsu tun 1971 amma ba ta cin manyan kujeru, mafi yawan abin da suka taɓa samu a zaɓen shugaban ƙasa shi ne na Gary Johnson a 2016, wajen kashi 3 cikin ɗari, shi ya sa masu son kujera cikinsu suke shiga Republican suna faɗa daga ciki. Yanzu ma da Trump ɓarakar ta ƙara fitowa fili, don su ba sa son harajin kayan waje kuma yawancinsu ba su da matsala da baƙi masu shigowa neman aiki. Da ya je taronsu a Mayun 2024 ihu suka yi masa. Dattijona dai sau uku yana zaɓen Trump, makanike kuwa tun bayan Gary Johnson bai sake zuwa rumfar zaɓe ba, wai ranar ma ya fi samun aiki a gareji.