Sallama daga aiki kan ƙin allurar rigakafi: ana biyan kuɗin rashin aiki a Kanada?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi a lardin Ontario, sai aka sallame ni saboda ban yi allurar korona da aka wajabta mana ba. Shekara da shekaru ana cire mini kuɗin inshorar rashin aiki ta EI daga albashi, ga haya ga yara, hankalina a tashe yake. Zan samu kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo mafita. Ba zan ɓoye miki ba, lamarin yana da wuya. Sashe na 30 na dokar EI ya hana kuɗin ga wanda ya rasa aiki saboda saɓa ƙa'ida da gangan, kuma abin da jami'in Service Canada, hukumar gwamnati da ke karɓar buƙatun EI, zai duba shi ne ko an sanar da ke dokar allurar ta wurin aikinki, ko an ba ki lokacin cikawa, ko kuma kin san ƙin bi zai iya kai ki ga sallama. Yawan shekarun da aka yi ana cire miki kuɗi ba ya canza wannan hukunci. Duk da haka ki shigar da buƙata cikin mako 4 da barin aiki, ko da takardar ROE, wato takardar bayanin aikinki da wurin aiki ke bayarwa bayan barin aiki, ba ta fito ba, domin ana duba kowace buƙata da kanta.

Abin da ke ƙona mini rai kullum shi ne masu kiran kansu masana doka a Facebook da WhatsApp, waɗanda ke ce wa mutane su je kotu su tabbatar da cewa allurar tana da illa, ko dokar wurin aikin haramtacciya ce. Mutum zai zo da tulin takardun da ya buga daga intanet, ya ƙare lokacinsa yana hujja kan abin da alƙalin ba shi da hurumin yanke hukunci a kai. A shari'ar Cecchetto ta 2023, Kotun Tarayya ta nuna ƙarara cewa kotun ƙararrakin EI ba aikinta ba ne ta auna ingancin allura ko adalcin dokar wurin aiki. Halin ma'aikaci take dubawa. Waɗannan masu kiran kansu masana ba su biyan hayar kowa idan an yi asara, wasunsu ma kuɗi suke karɓa su ba da takardar uzuri ta bogi, wadda ke iya jawo tara da dawo da duk abin da aka karɓa. Idan kina ganin an tauye miki haƙƙi ta fuskar addini ko lafiya, wurin kai kuka shi ne ƙungiyar ƙwadago ko kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Ontario.

Ki tattara wasiƙun da suka nuna ranar da aka sanar da ke, da duk neman uzurin da kika yi da amsar da aka ba ki. Idan an ƙi biyanki, kina da kwana 30 ki nemi a sake duba hukuncin, sannan wasu kwana 30 na ɗaukaka ƙara, kuma ofisoshin taimakon shari'a na al'umma suna duba irin wannan kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi.