Amsa Ga Baffa Kan Kirkin Wanda Ba Shi Da Addini

Assalamu alaikum Baffa, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Daren jiya bayan sallar Isha'i, da muke zaune a zaurenku na Yakasai, kun yi mini tambayar da ban ba ta haƙƙinta ba, domin zauren a cike yake da 'yan gaisuwa, kuma ba ladabi ba ne ɗa ya tsawaita zance a gaban iyayensa. Kun ce labari ya iso muku cewa a Landan, inda na shekara 22 ke nan, akwai mutane masu yawa da ba su yarda akwai Allah ba, kuma kuna mamakin yadda mu Hausawan da muka yi kaka-gida a can muke ba su amana, har mu miƙa musu 'ya'yanmu su koyar da su, alhali wanda ba ya tsoron Allah babu abin da zai hana shi cin amana. Na ga ya fi kyau in rubuta amsar a tsanake kafin jirginmu ya tashi ranar Asabar.

Labarin da ya iso muku gaskiya ne. A ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales a shekarar 2021, kashi 37 cikin 100 na jama'a, wato mutum sama da miliyan 22, sun ce ba su da addini, alhali a ƙidayar 2011 kashi 25 ne kawai suka faɗi haka. Kiristoci sun sauko zuwa kashi 46, karo na farko da suka gaza rabin jama'a, Musulmi kuma kashi 6.5 ne, kusan mutum miliyan 4. Sai dai ba duk wanda ya ce ba shi da addini ne yake musun samuwar Allah ba. Wasunsu sun daina zuwa coci ne kawai, wasu suna cewa ba su sani ba, wasu kuwa kai tsaye za su gaya maka babu komai bayan mutuwa. Ko a kotu, an bar wa mai ba da shaida zaɓi, ko ya rantse da littafin addininsa ko ya yi alkawarin faɗin gaskiya da bakinsa kawai, kuma idan aka kama shi da ƙarya hukuncin ɗaya ne. Na san wannan zai yi muku banbaraƙwai, ku da kuka saba ganin yadda jikin mutum yake rawa idan aka ce ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani.

Maƙwabcina na jikin katanga yana cikin kashi na ƙarshe, masu cewa babu komai bayan mutuwa. Dattijo ne, tsohon direban jirgin ƙasa, kuma tun farkon zamanmu ya gaya mini, ba tare da izgili ba, cewa shi bai yarda da kowane addini ba. A yanzu da nake rubuta wannan takarda a Kano, makullin gidana yana hannunsa, kamar yadda yake kasancewa duk lokacin da muka taho gida, kuma ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Daren da kuka aiko mini da rasuwar Abba, shi ya ga fitilarmu a kunne, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya kai ni filin jirgi da motarsa kafin gari ya waye, ya kuma ƙi karɓar ko kuɗin mai. Da na dawo daga zaman makoki na tambaye shi abin da yake sa shi yin irin wannan, tunda ba ya tsammanin lada. Ya ce da shi ne a halin da nake ciki zai so a yi masa haka, kuma tunda rayuwa ɗaya ce a wajensa, bai ga dalilin da zai sa ya ƙara wa wani nauyinta ba. Amsar ba ta gamsar da ni a matsayina na Musulmi ba, amma ba zan iya cewa bai kai ni filin jirgi ba.

Yawancinmu da fahimta irin taku muka isa can, kuma mun ɗauki shekaru muna kallon mutanen gari a kaikaice. Abin da ya warware mana ƙullin karatunmu ne na gida, wanda wani malami daga cikinmu yake bita da mu a majalisin ƙarshen mako. Kun fi ni sanin waɗannan ƙissoshi, Baffa, ina tuna su ne kawai don ku ga inda muka dafa. Kafin a aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ƙuraishawa sun taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, bayan Asi ɗan Wa'il ya danne kuɗin wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman, suka ƙulla alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka. Annabi ya halarci wannan alkawari na Hilful Fudul yana matashi, kuma bayan zuwan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa irinsa, da ya amsa. Muɗ'im ɗan Adiyyu, wanda ya ba shi kariya ya shiga Makka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa, bai musulunta ba har ya mutu, amma bayan yaƙin Badar Annabi ya ce da Muɗ'im yana raye ya roƙi a saki fursunoni, da ya sakar masa su. Jagoran da aka ɗauka ya nuna hanya lokacin hijira, a ranar da ake neman ran Annabi da kyautar raƙumi 100, yana kan addinin mutanensa. Hadisin da ya ce an aiko Annabi don ya cika kyawawan halaye, kalmar cikawa a cikinsa tana nuna akwai abin da aka tarar. Malamai suna kiran wannan abu fiɗira, kuma Suratus Shamsi ta ce Allah Ya kimsa wa rai sanin fajircinsa da taƙawarsa.

To amma malamin bai bar mu a nan ba, kuma a nan ne nake ganin zukatanmu da naku za su haɗu. Nana A'isha ta tambayi Annabi game da shi wannan ɗan Jud'an ɗin, wanda yake sada zumunci yana ciyar da miskinai a zamanin jahiliyya, ko hakan zai amfane shi. Annabi ya ce ba zai amfane shi ba, domin bai taɓa roƙon Ubangijinsa Ya gafarta masa a ranar sakamako ba. Annabi bai musa cewa mutumin ya ciyar ba, bai kuma ce ciyarwar mugun abu ce ba. Daga nan muka gane cewa tambayoyi biyu ne muke cakuɗawa: ko mutum zai iya zama mai gaskiya da amana ba tare da imani ba, da kuma ko aikinsa zai tsirar da shi gobe ƙiyama. Ta farkon idonmu yana amsa ta kullum da safe. Ta biyun nassi ya yi magana a kanta, kuma ƙarshen kowane mutum a hannun Allah yake, domin Hakim ɗan Hizam da ya musulunta ya tambayi makomar alherinsa na baya, an ce masa ya musulunta ne a kan alherin da ya gabatar. Malaman tauhidi ma sun daɗe suna jayayya kan ko hankali shi kaɗai yana gane kyakkyawa da mummuna, Mu'utazilawa suka ce yana ganewa, Ash'ariyya da malamanmu na zaure suka fi karantawa suka ce lada da zunubi ba sa tabbata sai da shari'a. Mu dai talakawan karatu mun tsaya a kan cewa mu ba kowa haƙƙinsa na yabo a duniya, mu bar wa Allah hisabi.

Abin da ya tilasta mana mu fayyace wannan magana shi ne 'ya'yanmu. Yaron da aka haifa a Kano zai iya girma har ya yi furfura bai taɓa zama da wanda ya ce babu Allah ba, saboda haka ko an gaya masa irin waɗannan mutane ba su da kirki, babu ranar da maganar za ta ƙaryata kanta a gabansa. Namu yaran ba haka suke ba. Yarinya tana shekara biyar a hannun malamar makaranta take wuni, malamar da take share mata hawaye, take tabbatar da an ba ta abincin halal, wataƙila kuma ba ta yarda da kowane addini ba. Idan uba ya gaya wa wannan yarinya cewa duk marar addini mugu ne, ranar da ta gane malamarta ba muguwa ba ce, sai ta fara tunanin wace magana ce kuma ta uban ba gaskiya ba, kuma shakkar ba a kan malamar take tsayawa ba, har sallah da azumi sai ta shafa. Mun ga gidajen da hakan ya faru, kuma ciwon yana da zafi. Shi ya sa a Islamiyyarmu ta Asabar da Lahadi muka daina yi wa yara wannan gajeriyar hanya. Muna gaya musu cewa kirkin maƙwabci kyauta ce daga Allah ko da shi bai san mai kyautar ba, cewa Suratul Mumtahana ta halatta kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, kuma abin kunya ne ga mai sallah biyar a ce wanda ba ya sallah ya fi shi cika alkawari. Ranar Sallah yara ne suke kai tuwo da nama gidajen layi, kamar yadda kuka aike mu muna ƙanana.

Kada ku ɗauka ina wanke ƙasar ne. Wani kaso mai yawa na gaskiyar da baƙo yake gani a can doka ce take riƙe da ita, da kyamarori a kan tituna, da sanin cewa wanda aka kama zai biya ko ɗan waye shi. Akwai kuma masu cewa kirkin nasu gadon Kiristanci ne da suke ci bayan sun bar cocin, kuma ban raina wannan magana ba. Daren Juma'a da na Asabar, abin da giya take yi wa mutane a titi ba ya faɗuwa. Tsofaffi suna mutuwa su kaɗai a ɗaki, har sai da gwamnati ta naɗa minista a 2018 don matsalar kaɗaici, abin da na gaya wa Hajiya ta riƙe baki. A ƙarshen watan Yulin 2024, bayan kisan wasu yara mata uku a garin Southport da ƙaryar da aka yaɗa a intanet cewa Musulmi ɗan gudun hijira ne ya aikata, gungun mutane sun far wa masallacin garin da jifa. Da gari ya waye kuma mutanen unguwar ne suka fito da tsintsiya da bulo suka gyara katangar masallacin, kuma babu wanda ya tsaya tambayar addininsu kafin ya karɓi taimakon.

Mu ma ba a rasa nono a ruga. Hausawan Landan muna da asusun da muke tarawa don jana'iza da kai gawa gida, kuma wanda ya taɓa cinye mana shi mutum ne da ba a raba shi da sahun gaba. Wannan ya tuna mini da matar da aka ba Annabi labarin yawan sallarta da azuminta amma tana cutar da maƙwabta da harshenta, ya ce tana wuta. Ku da kuka yi shekara 40 a Kantin Kwari kun san waɗanda za ku ba dila goma a kan magana kawai, babu takarda babu shaida, kun kuma san waɗanda carbinsu ya fi na kowa tsawo amma ko yadi ɗaya ba za ku ba su bashi ba. Waɗancan na farko su ne hujjata idan abokan aikina suka ce addini ba ya ƙara komai. Ina ba su labarin yarinyar nan ta zamanin Sayyidina Umar, wadda uwarta ta ce ta yi wa madara algus da ruwa tunda Umar ba ya ganinsu, ta ce Ubangijin Umar yana gani. Maƙwabcina yana da lamirinsa, kuma na shaida lamirin yana aiki, amma idan wata rana ya gaji ko son rai ya rinjaye shi, ba shi da wanda zai ji kunyarsa a cikin duhu, ba shi kuma da ƙofar tuba da zai ƙwanƙwasa. Na taɓa gaya masa haka, ya yi dariya ya ce zai yi tunani, ni kuma ban daina yi masa addu'ar shiriya ba.

Da ma kilishi na so in kai masa tsaraba, amma ba a barin matafiyi ya shiga Ingila da nama daga nan. Saboda haka ina roƙon ku zaɓa mini shadda mai kyau a shago, yadi biyar, mai launin da ya dace da dattijo, domin ya daɗe yana sha'awar kaftanin da nake sawa ranar Juma'a. Dogo ne, ya ɗan fi ku tsayi. Gobe bayan La'asar zan biyo in karɓa in kai wa tela, sai in gaishe da Hajiya.